Ragon Aro

Har yau in na ji an ce ranar rabon kyaututtuka ce a wata makaranta, sai in yi maza in sake zance. 'Ya'yana sun sani, ba na zuwa irin wannan taro, uwarsu ce ke zuwa. Dalilin kuwa rago ne, ragon ma ba nawa ba.

Makarantarmu ta kwana ce, ta maza zalla, a gefen titi tsakanin Boɗinga da Shagari. Na yi ta ne zamanin mulkin farar hula, lokacin da rediyo ya cika da alkawuran 'yan siyasa, kasuwa kuwa sabulu da sukari da madara suka ɓuya. A ɗakin cin abinci sai ka fara kwashe ƙwarin da suka taso a kan wake kafin ka kai loma, miyar kuka kuma kana iya hango gindin kwano ta cikinta. Ba mai cewa uffan, domin ƙorafi laifi ne, laifi kuma akwai mai jiran sa.

Mai jiran shi ne malamin horo, wani gajere mai yawo da dorina a hammata kamar da ita aka haife shi. Yana da tsallen kwaɗo, yana da kamun kunne, yana da yankan ciyawa da langalanga, amma abin da ya fi so shi ne fartanya. Ka makara, gona. Ka yi Hausa a aji, gona. Siniya ya ce ka harare shi, gona. Haka aka koya mana cewa aikin da iyayenmu ke ciyar da mu da shi hukunci ne na masu laifi. Sannan ran Laraba da la'asar a ce dole kowa ya shiga ƙungiya ɗaya. Masu baki su tafi muhawara, masu rawar kai su tafi wasan kwaikwayo, masu son kaki su shiga sikawut. Waɗanda suka rage sai a share su a zuba a Ƙungiyar Matasa Manoma. Ni ɗan Danchadi ne, a cikin albasa na buɗe ido, na zo boko don in huta da ban ruwa. Malamin noma na jin garinmu ya ce in bi bayansa.

Mutum ɗaya ne na sani ya shiga ƙungiyar da ƙafarsa, wato abokina Bafillace, ɗan Horo Birni, wanda gadonsa ke ƙarƙashin nawa. Dogo ne siriri, ba ya magana sai ta kama, lissafi kuma a ajinmu ba mai kama ƙafarsa. Likitan dabbobi yake so ya zama. Mahaifinsa bai taɓa yarda da boko har zuci ba, wani kawunsa ne ya yi ta lallashi har aka bar shi ya zo. Duk hutu sai ya sake roƙo kafin a ƙyale shi ya dawo. Ya sha gaya mini cewa ranar da makaranta ta ɓata wa tsohon rai sau ɗaya, karatunsa ya ƙare.

Ƙungiyarmu tana da garke na siminti mai rufin kwano, har da allo mai fenti. Da na shigo aji ɗaya akwai tumaki a ciki, na gwamnati. Sai wani ciwo ya shigo musu mai ban mamaki, wanda ba ya kama tunkiya sai ana jibi Sallah, ko ran da aka yi haihuwa a gidajen malamai. Da safe a ce mana ta mutu cikin dare an binne, da rana ƙamshin suya ya taso daga bayan gidan firinsifal. Kafin mu kai aji huɗu ba abin da ya rage a garken sai busasshen kashi da ƙadangaru.

A shekarar ne damina ta ɗauke tun gero bai cika ido ba, kuma a shekarar ne aka ce wani babban ɗan siyasa daga Sakkwato zai zo rabon kyaututtuka. An ce in ya ji daɗi zai sa a haƙa mana rijiyar burtsatse. An kuma ce mutum ne mai son kiwo, lalle zai nemi ganin garke. Malamin noma ya tara mu a gindin bishiyar dogon yaro yana ta share zufa.

"Wanda duk ubanai ke da bisashe, shi tai shi aro muna," in ji shi. "Aro na kawai. Ana watsewa kowa shi maida abinai gida."

Ni aka ce in kawo kwandon albasa daga lambun babana, a jera a matsayin amfanin gonar ƙungiya. Gonar da ko yakuwa ba ta yi ba! Abokina kuwa malamin ya ja shi gefe, don ya ji labarin suna da wani ragon uda da ake zancensa har kasuwar Kajiji. Ya ce masa ƙungiyar tasa ce, mutuncinta nasa ne. Yaron da ke son abu da gaske ba wuyar kamawa gare shi ba, nan take ya amsa.

Na raka shi Horo Birni ran Asabar. Ga abin da na gani a rugarsu. Turaku da yawa, dabbobi kaɗan, fari ya ci wasu, an sayar da wasu an sayi hatsi. Ragon na ɗaure shi kaɗai a inuwa, gabansa baƙi wuluk, bayansa fari fat, kamar an tsoma rabinsa a tukunyar rini, ƙahoninsa sun murɗe sun baje. Shi ne na iri, da shi ake sa ran 'yan tumakin da suka rage za su sake cika garke. Tsohon ya daɗe yana sauraron ɗansa da Fillanci, yana tsefe kaba yana tufka igiya. Da ya gama tufkar sai ya ɗaura wa ragon ita da hannunsa, ya juya zuwa Hausa don ni ma in zama shaida.

"Wanga shi kaɗai yar rage min. Kai kaz zo ka ɗauke shi, kai za ka maido shi da hannunka."

"In Allah ya so, Baffa," in ji abokina.

Muka jawo ragon zuwa Shagari, muka sa shi a bayan a-kori-kura tare da buhunan gawayi. A makaranta aka karɓe shi kamar ango. Mu da muka yi makonni muna wanka da ruwa zalla, sai ga sabulu sabo dal ya fito daga ofishin firinsifal don a wanke rago. Dusa ma aka samo, da harawa. Abokina ya ƙi yarda kowa ya taɓa shi, shi ya wanke, shi ya goge ƙahonin da man gyaɗa. Wasu yaran sun kawo 'yan tumaki da akuyoyi ramammu, aka tura su can ciki, aka sa uda a bakin ƙofa.

Ranar taro muka tsaya a rana tun hantsi cikin fararen kaya, baƙo bai iso ba sai bayan azahar. Yara biyu sun faɗi, aka ja su bayan aji don kada su ɓata layi. Aka yi fareti, 'yan wasan kwaikwayo suka yi wasa a kan illar cin amana, manya a rumfa suna shan lemo suna tafi. Aka kira abokina a matsayin gwarzon Matasa Manoma, baƙon ya miƙa masa kyautarsa, sabuwar fartanya da aka ɗaura wa jan ƙyalle. Ya karɓa da hannu biyu yana murmushi, ya ba ni na riƙe masa, ya ruga garke ya kama igiyar ragonsa.

Baƙon ya zagayo da jama'arsa, babbar rigarsa na jan ƙasa. Ya wuce albasar babana bai ko duba ba. Da ya zo kan uda sai ya ja ya tsaya, ya shafa bayansa, ya kama ƙaho ya jijjiga.

"Kai! Wanga rago ya yi kyau."

Ya taka kamar zai wuce, ya sake dawowa.

"Wallahi ya yi kyau. Ku kunka kiwata shi nan?"

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake yi in babban mutum ya yaba abinka har sau biyu a gidanka. Ba a bari ya yi na uku. Al'ada ce mai kyau in abin naka ne. Na ga firinsifal ya dubi malamin noma, malamin noma ya dubi takalminsa. Sai firinsifal ya rusuna.

"Mu munka kiwata shi, ranka shi daɗe. Tunda ya yi maka, ai naka na. Kyauta ta daga makaranta."

Aka ɗauki tafi. Wani maroƙi da ya biyo motocin ya fara kirari. Direban baƙon ya miƙo hannu zai karɓi igiya, abokina ya ƙi saki. Yaron da ba a jin muryarsa ko a aji, ranar har 'yan rumfa sun ji shi.

"Malam, aro na! Ragon babana na, ba na makaranta ba na!"

Na rantse baƙon ya ji, don ina kusa, na ga idonsa. Da ya ce a bar wa yaro abinsa, da shi ke nan. Sai ya yi dariya, ya ce yaro ya shaƙu da dabba, haka ake son makiyayi, ya juya ya nufi mota. Malamin horo ya zo ya ɓamɓare yatsun abokina ɗaya bayan ɗaya daga jikin igiyar. Aka cicciɓi uda aka jefa a bayan mota, yana kuka har suka hau titin Boɗinga.

Da yamma na raka abokina wurin malamin noma. Mun same shi yana cin ragowar shinkafar baƙi.

"Malam, kai kac ce aro na," in ji abokina.

"To ni mi zan yi? So kake a ce ma baƙo garkenmu na aro na, shi tambayi ina tumakin gwamnati? Yi haƙuri, za a duba."

Abin da aka duba shi ne bayan abokina. Ran Litinin a asambuli firinsifal ya yi dogon jawabi a kan tarbiyya. Ya ce akwai yaron da ya kunyata makaranta a gaban baƙo, ya ƙaryata shugabansa a bainar jama'a, kuma irin wannan rashin kunya ce ke lalata ƙasa. Mutumin da ya yi kyauta da dukiyar wani shekaranjiya, shi ne yake koya mana ladabi, bakinsa ko rawa ba ya yi. Siniyoyi huɗu suka ɗaga abokina sama, hannu da ƙafa, malamin horo ya zuba masa dorina har farar rigarsa ta ɓaci. Bai yi kuka ba. Ni kuwa na tsaya cak ina kallo, don ko motsi a layi laifi ne. Bayan bulalar aka ƙara masa da sharar garke kullum da yamma, garken da ba komai a ciki.

Labari ya riga shi isa gida. Ran nan muna aji sai muka hango tsohon a gindin dogon yaro, da malafarsa da sandarsa. Tun safe yake zaune, masinja na ce masa firinsifal na da baƙi. Sai wajen la'asar aka fito masa, a tsaye, a baranda. Tsohon ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa irin wadda ake yi wa hakimi, har da "Allah shi ba ka nasara". Ya ce ya zo karɓar ragonsa ne. Firinsifal ya ce ai abin alfahari ne a ce dabbarsa tana gidan babban mutum, kuma in rijiya ta samu har da ladansa a ciki. Ya ce za a duba, ya shige ofis ya ja ƙofa.

Rijiyar dai ba a haƙa ba. Kafin shekara ta zagayo soja sun karɓi mulki, baƙon namu ma aka daina jin ɗuriyarsa. Firinsifal ya samu ƙarin girma, malamin horo kuwa kasuwarsa ta ƙara buɗewa, tunda ƙasar gaba ɗaya ta koma zancen ɗa'a. Amma duk wannan abokina bai gan shi ba.

A ranar da tsohon ya zo ɗin ya ce masa ya ɗauko akwatinsa. Ni na kama masa muka fito da shi daga ɗakin kwana, fartanyar kyautar kuwa ya bar ta a ƙarƙashin gado da jan ƙyallenta. Ya roƙi uban da Fillanci, murya ƙasa-ƙasa, na ji yana ambatar jarrabawa. Tsohon bai ɗaga murya ba, bai kuma zage shi ba. Ya ɗaga rigar ɗansa ya dubi bayan, ya sauke. Ya ɗora akwatin a kansa, shi da kansa, sannan ya dubi hannuwan yaron duka biyu.

"Igiyar fa?"

"Har da ita sunka tahi, Baffa."

Tsohon ya gyaɗa kai ya yi gaba, abokina ya bi shi a baya. Na tsaya a bakin ƙofar makaranta ina kallon su har suka kai titi, sai aka kaɗa ƙararrawar ƙungiyoyi, don ranar Laraba ce.