Hayaƙin da Muka Ɗora wa Aljanu

Gaisuwa gare ku ma'aikatan wannan mujalla da masu karatu. Ni haifaffiyar Treichville ce, iyayena mutanen Nijar ne da suka daɗe a Abidjan. A lokacin da abin nan ya faru ban jima da gama karatun kasuwanci ba, ga rawar kai, ga baki, ina ganin babu abin da ya fi ƙarfina. Mahaifina yana da gidan haya na 'yan kasuwa kusa da Mairie, wato ofishin magajin gari, a unguwar Adjamé, shaguna a ƙasa, ofisoshin masu shigo da kaya a sama. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, sai ya damƙa mini makullan gidan. Na karɓa da ɗoki, burina kawai in nuna wa alhazan nan cewa mace ma tana iya riƙe gida.

A cikin 'yan hayar akwai wata dattijuwa mai sayar da leshi da mayafai, aminiyar mahaifiyata, wadda ta goya ni ina jaririya. Inna nake ce mata. Mijinta ya rasu, tana zaune a unguwar Biafra ta nan Treichville, kullum da sassafe ta hau bas ta tsallako gada. Shagonta ne na ƙarshe a lungun ƙasa, jikin matakalar bene. Tun da na karɓi makullai ta daina kiran sunana, sai dai ta ce ga patron, wato uwar gida, nan tafe, ta tura mini kwanon abincinta tana dariya.

Ana nan sai ɓarayi suka shigo mana ta baya. Bangon lungun an gina samansa da bulo mai huda-huda don iska, shi suka fasa, suka kwashe dilolin shadda, suka kuma kwance kayan janareto, wanda mu nan muke kira gurup, da ke ajiye a fili bayan gida. Manyan 'yan haya suka taso mini kamar za su cinye ni ɗanya, har wani ya ce da ma an san haka za a yi tunda an bar gida a hannun yarinya. Maganar ta ƙona mini rai. Ban shawarci kowa ba na kira magini, na sa ya toshe duk hudojin da siminti, har da 'yar tagar shagon Inna. Gurup kuma na sa aka gyara aka shigo da shi ƙarƙashin matakala, aka yi masa ƙofar ƙarfe. Waɗanda suka zage ni suka dawo suna yabona, ni kuwa sai hura hanci nake.

Sai aka shiga lokacin yawan ɗauke wuta, gurup ya riƙa wuni yana aiki. Mutanen lungun suka fara kukan ciwon kai da kasala, amma na Inna ya fi na kowa. Jiri, tashin zuciya, bugun ƙirji, ga barci yana fizgarta tana tsakiyar ciniki. Abin mamaki, ranar Lahadi da take wuni a gida sai ta warware sarai, Litinin kafin azahar ciwo ya dawo. Ta taɓa gaya mini cewa warin injin nan yana hawa mata kai. Na mayar da abin wasa, na ce tsufa ne ya zo ba ta so ta karɓa, ta dai riƙa shan maganinta na hawan jini. Ta yi murmushi, ba ta sake tayar da zancen ba, don ba ta son a ce ita ce ta kawo ƙarar 'yar aminiyarta.

Ciwon da ke kama mutum a wuri ɗaya ya sake shi in ya bar wurin, a wajen mutanenmu sunansa ɗaya ne. Nan da nan magana ta bazu cewa akwai aljanu a lungun, kuma a shagon Inna suke, tunda can abin ya fi tsanani. Maƙwabtanta suka fara ja da baya, masu saye suka ragu, wani ɗan haya ya kwashe kayansa ya tafi. Ni ban gaskata ɗari bisa ɗari ba, amma zancen ya yi mini daɗi, don babu sunana a ciki. Na gayyato malamai aka yi saukar Alƙur'ani, wannan kuwa alheri ne. Daga baya wata mai magani ta ce sai an yi wa Inna hayaƙi a cikin shagon, a rufe ruf kada ya fita. Aka cika kasko da garwashi, aka zuba turaruka da saiwoyi, Inna ta zauna ta lulluɓa da mayafi. Ni da hannuna na ja ƙofar shagon na rufe ta, ga gurup yana ta ruri a bayan bangonta. Da muka ji shiru ya yi yawa muka ɗaga ƙofa, muka tarar da ita kife a kan leshinta.

A asibiti a Treichville, bayan an samu ta farfaɗo, likita ya tambaye ni inda take aiki, da ko akwai inji ko gawayi kusa da ita. Na gaya masa zancen gurup da garwashin. Ya bayyana mini cewa hayaƙin inji da na garwashi suna ɗauke da guba wadda ido ba ya gani, in babu mafita sai ta taru ta shiga jini, kuma zuciyar Inna da ma ba ƙarfi gare ta ba, yanzu ta taɓu sosai. Washegari na sa aka fasa simintin, aka fitar da gurup. Ciwon kan mutanen lungun ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke, suka ce hayaƙin mai magani ne ya kori aljanu.

Inna ba ta sake komawa Adjamé ba. Daga ɗakinta zuwa ƙofar gida sai ta tsaya tana haki. Na daɗe ina kai mata cefane ba tare da na iya gaya mata gaskiyar abin ba. Ranar da na yi ƙarfin hali zan faɗa, sai ta riga ni. Ta kama hannuna ta ce in yafe mata, in kuma roƙa mata gafarar mahaifina, don ita ce ta jawo masa aljanu gida har ɗan haya ya gudu. Na fashe da kuka na gaya mata komai, siminti da inji da abin da likita ya ce. Ta shafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka, ta san ina faɗa ne don in sanyaya mata rai. Na maimaita a zuwa na gaba, da na gaba, amsarta ba ta canja ba. Da wannan tunanin ta rasu, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Ina roƙon duk wanda aka ba riƙon gidan haya, kasuwa ne ko ofis, ya tuna ba kaya kaɗai aka ba shi tsaro ba, mutane ne suke wuni suna shaƙar iskar wurin. Kada tsoron ɓarawo ya sa ku toshe taga, kada ku shigar da inji inda ake zama, kada a rufe mutum da garwashi ko don magani. In ɗan haya ya ce wurin yana sa shi ciwo, ku je ku zauna a kujerarsa ku wuni kafin ku ba shi amsa. Ni na amsa wa Inna da wasa, kuma har ta koma ga Allah ita ce take ba ni haƙuri.