Abin da ke zaune a kan dutsen Jebel Ali

Jama'a, wallahi wannan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. A shekarun dubu biyu da 'yan kai ina aiki da wani ƙaramin kamfani a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, can ƙasar Larabawa, muna ɗaura wa jiragen ruwa na'urar da ke watsa sauti zuwa ƙasan teku ta zano hotonsa a kwamfuta. Ƙa'idar gwaji ita ce a samu wani dutse a ƙasa, a bi ta kansa a tafi, a juyo a dawo. In hotunan sun yi daidai, ɗauri ya yi.

Wata rana da rana tsaka muka bi, sai ga wani abu a hoton, a kan dutsen, kamar mutum zaune ya rungume gwiwoyinsa, ya fuskanto mu. Muka juyo ta ɗaya ɓangaren, nan ma mu yake fuskanta. Dutse dai ba ya waiwaye. Amma ogan namu, mutumin da ko inuwarsa bai yarda da ita ba, ya ce ƙusar ɗaurin na'urar ce ta yi sako-sako, a tura mai nutso ya duba ta a ƙarƙashin jirgin.

Mai nutsonmu Isufu ne, Badamagare mai 'ya'ya a gida, kullum yana tsokanata wai na zo teku ban iya iyo ba. Muka kashe na'urar don kada ta kashe masa kunne, ya sauka, igiyarsa a hannuna. In ya ja, a fito da shi.

Bai jima ba aka finciki igiyar har tafina ya saɓule. Muka taru muna ja muna salati, nauyi kamar na mutum biyu. Da ya fito, sai ya kwance igiyar ya jefar, ya ce, "Ƙusoshi lafiya lau. Amma ba ni na ja ba."

Muna kallo, igiyar da ya jefar ruwa ta sake miƙewa.

Oga ya yanke ta da kansa. Da muka kunna na'urar muka bi ta kan dutsen, wayam, babu kowa a kai.

Isufu bai ƙara shiga ruwa ba, ya koma dako a unguwar masana'antu ta Al Quoz. Ni har gobe ban san mene ne ba. Ku dai in kun ga abin da ba ku gane ba a ƙasan ruwa, ku yi addu'a ku wuce, kada ku tura ɗan wani ya dubo.