Ranar da Na Sa Ƙafata Cikin Mari

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa, har nakan nemi ɗankwalina alhali yana ɗaure a kaina. Amma akwai ranar da ba zai taɓa iya ɗauke mini ba har in koma ga Allah: ranar da ɗana ya shigo gida da mari zai ɗaure jikana.

Jikan nan nawa ni na yaye shi. Kun dai san tsakanin kaka da jika namiji: ni in ce masa mijina, shi ya ce mini tsohuwar matarsa. In ya shigo sai in ce, "Maigida, ina cefane?" Ya ce, "Wa zai yi wa marar haƙora cefane? Na sake ki!" Haka muka taso har ya zama saurayi, ya kama dako a bakin kogi nan Gaya, lokacin da aka rufe gada, kaya suka koma ƙetarawa a kwalekwale.

Sai yaro ya sauya. Ido jawur, riga na warin wiwi. Ƙanwarsa ta taɓa salularsa, sai ya fasa tulu. Jim kaɗan ka same shi bayan rumbu yana kuka kamar jariri. Da safe dariya, kafin azahar ya ce duk gidan an tsane shi. Amma abin da ya fi tsorata ni, ya daina sakina. In ce "Maigida", ya wuce kamar da bango nake magana.

Ubansa, wato ɗana, direban kamyo ne, babbar motar kaya, mutum mai zafi. Ya dawo daga tafiya aka gaya masa yaron ya jefa taɓarya, saura kaɗan ta sami uwarsa. Nan take ya fita. Da hantsi ina turara shinkafa, sai ga shi da mari sabo daga maƙera, da ƙarti na biye da shi, mota na jira a waje za a kai yaron wani ƙauye inda ake ɗaure irinsu. Jikana ya maƙale a lungu, ya rarumi icce. Na duba idonsa, wallahi tsoro na gani a ciki, ba mugunta ba.

Na ajiye muciya. Ɗana ya aje marin a ƙasa yana naɗe hannun riga, ni kuwa na zauna daɓas, na zura ƙafata ciki, na danna kwaɗon.

"Inna, mene ne haka? Ki tashi!"

Na ce, "Mace na zaune a ɗaure mijinta? In za a tafi da shi, da ni za a tafi. Ku ɗauke ni."

"Inna, wannan ba lokacin wasa ba ne."

"Wa ya ce maka wasa nake? Ga ƙafar da ta yi zarya da kai a goye. Ja ta mu gani."

Wane ɗa ne zai ja uwarsa a ƙasa mutane na kallo? Ƙartin nan suka sunkuyar da kai, suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ɗana ya jefar da makulli ya fita.

Na juya wajen jikana na ce, "Kai kuma ragon miji, ka bar matarka cikin ƙarfe? Zo ka kwance ni."

Ya saki iccen. Ya zo ya durƙusa, ya ɗauki makullin, ya yi ta gwadawa ya ƙi shiga. Sai ya kifa kansa a ƙafata, ya ce, "Kaka, shi nake gani. Ko na rufe ido shi nake gani."

Ashe abokinsa ne. Kwalekwalensu ya kife da buhuna a tsakiyar ruwa, ya kama rigar abokin, rigar ta yage a hannunsa. Duk mun san da rasuwar, mun je gaisuwa, mun ce sai haƙuri. Babu wanda ya tambayi wanda ya fito da rai. Ya ce da farko wiwi na sa shi barci, daga baya in ya sha abin ya ƙaru, in bai sha ba ƙirjinsa kamar wuta.

Washegari na hau kabu-kabu, ni da ban taɓa yarda da babur ba, na kai shi wajen likita. Aka zauna da shi aka saurare shi, aka ba shi magani, aka ce ya riƙa dawowa. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya warke nan take ba. Ya koma sha, na ji warin, ban kore shi ba. Na miƙa masa muciya na ce ya juya shinkafa, ya ba ni labarin abokinsa. A hankali ubansa ma ya fara zama kusa, yana yi kamar rediyo yake saurare.

Wata rana da la'asar sai ga shi da kifi a leda. Ya dire a gabana ya ce, "Ga cefanenki, tsohuwa. Kuma na sake ki!" Guɗar da na rangaɗa, sai da maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Abin da na koya ke nan: yaron da ke fasa tulu, akwai abin da ya fashe a cikinsa tun kafin tulun. A tambaye shi tukuna, a kai shi inda za a duba shi. Marin nan kuwa yana nan, akuyata nake ɗaurewa da shi.