Turaren da Na Kai Ƙara

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Wendover, ni da maƙwabcina ɗan Laos da tsohuwarsa. Motarsa ta lalace, ga shi ranar ce tsohuwa ke kai abinci wani tsohon gidan ibadar Buda a cikin tsaunuka. Na ce zan kai su. Ba kirki ya sa ni ba, laifi ke cina. Bara ni na je ofishin masu gidajenmu a ɓoye na ce turarenta zai jawo mana gobara, aka hana ta kunnawa.

Da muka wuce garin Winston-Salem hanya ta fara hawa, kunnuwa na toshewa. Mai ya fi na gari araha, na cika tanki. Tsohuwa ta miƙo min shinkafa mai danƙo, ana dunƙula ta da hannu kamar tuwo. Barkononta ya sa ni hawaye, ni mai taƙama da cin yaji.

Gidan na katako ne, fenti ya koɗe. 'Yan gudun hijirarsu na farko suka gina shi da hannunsu. A ƙofa takalma jere kamar masallacin Juma'a. Masu ibadar kuwa, kansu a aske, mayafi ruwan goro. Duk hanya ina fargabar a ce in rusuna wa mutum-mutumin Buda, amma ba wanda ya ce min uffan. Na zauna daga baya na miƙe ƙafafu, maƙwabcina ya zungure ni, ashe ba a nuna wa mutum-mutumin tafin ƙafa. Da azahar wani dattijonsu ya share min gindin bishiya na yi salla.

Na ga tsohuwa ta kunna turare ta sunkuya, ta daɗe ba ta ɗago ba. A mota na kasa daurewa, na juya ga maƙwabcina.

"Gaya wa Mama ni na kai ƙararta."

Ya fassara. Ta yi dariya har da tari.

"Ta ce ta sani tun ranar. Wai turaren wutar matarka ma yana shiga ɗakinta, amma ita daɗinsa take ji. Ko za a sam mata?"

Mun iso gida kafin magariba, jikina sakayau. Washegari na koma ofis na janye maganata, uwargida kuma ta kai wa Mama kwalba guda. Na yi doguwar tafiya kafin in gane hancina yana jin hayaƙin kowa ban da na gidana. Allah ya yafe min.