Yadda Na Nuna Wa Duniya Gurbin Ubana

Ni dai ba jahili ba ne, a fara rubuta wannan. Na yi aji huɗu a firamare, kuma da ba don kifi ya yi yawa a shekarar da zan shiga aji biyar ba, da yanzu wataƙila ni ke sa hannu a takardu a Birnin Kebbi. Don haka abin da ya same ni, kada wani ya ce rashin ilimi ne. Ilimin ne ya yi mini yawa.

Wanda bai tashi a bakin ruwan Yauri ba sai na yi masa bayani. A wurinmu masunci zai ba ka aron jirginsa, ya ba ka aron tarunsa, in kun yi shiri ya ba ɗanka 'yarsa, amma ba zai gaya maka inda ya kamo kifi ba. Ka tambaye shi, ya ce, "Cikin ruwa." Ka matsa masa, ya nuna maka gabas da leɓe, alhali daga yamma ya fito. Ba mu kiran wannan ƙarya. Limaminmu ma yana da ƙugiya, kuma bai taɓa yin huɗuba a kai ba.

Ni gurbina, wato inda nake kamun kifi, gado ne. Kafin ruwan dam ya ci tsohon ƙauyenmu, akwai wasu manyan duwatsu a bayan gari inda mata ke shanya tsaki. Ruwa ya rufe su, giwan ruwa suka mai da wurin gidansu. Babu alama a kan ruwa. Sai dai in ka tuƙa har wata giginya mai karyayyen kai da ke kan gungu, wato tsibirin tsakiyar ruwa, ta yi daidai da tsagin dutsen da ke hayi, to ka tsaya, kana kansu. Ubana sau ɗaya tak ya nuna mini, da haɓa, bai ce uffan ba. Daga ranar, kullum in zan tafi sai na fara yin arewa kamar mai zuwa Shanga, sai na ɓace wa idon mutane in karkato. Uwargidana, wadda ke soya kifin tana sayarwa, shekara arba'in muna tare ba ta san wurin ba.

Wanda ya fi kowa son sani shi ne taubashina, ɗan ƙanwar ubana. Tare muka tashi, yana kirana bawansa ina kiransa bawana. Ya bi ni da safe, ya bi ni da yamma, ya taɓa saya mini goro na mako guda don bakina ya saki. Na ci goron, na nuna masa wani wuri wajen Warra inda ko kwaɗo ba ya kwana.

To, da babbar salla 'yata da ke aikin asibiti a birni ta zo gida, ta bar mini tsohuwar wayarta, irin wadda ake shafawa. Ta nuna mini shafin da mutane ke ɗora bidiyo. A nan na ga wani Bature da hula mai baki, ya kama wani ɗan kifi wanda a gidanmu kyanwa ake jefa wa, yana ɗaga shi yana ihu, mutane dubbai suna kallo suna yabawa. Raina ya ɓaci saboda kishin ƙasa.

Na ce, "Buɗe mini nawa."

Ta ce, "Baba, me za ka ɗora?"

Na ce, "Ilimi."

Ta buɗe, ta koya mini inda ake dannawa a ɗauka, da inda ake yanke abin da ba a so, da inda ake turawa. Na rubuta komai a bayan kalanda da hannuna, don mai ilimi ba ya dogara da ƙwaƙwalwa kawai.

Shiri na yi ba na wasa ba. Na sa aka wanke mini babbar rigata ta Juma'a, aka buga ta. Na ɗaure wayar a jikin gorar tuƙi da robar tayar babur, na kafa gorar a gaban jirgi. Uwargida ta tsaya tana kallona da hannu a ƙugu.

"Malam, su za ka tafi ko ɗaurin aure?"

"Duniya za ta gan ni," na ce. "Ba zan bari a ce mutanen Yauri ba su da tufafi ba."

Na yi arewa kamar kullum, na karkato, na zo kan duwatsun. Allah kuwa ya ba ni sa'a, wata giwar ruwa ta ci ƙugiya, tsawonta ya kai ƙirjina. Sau uku ina maimaita fitar da ita, don na farko hulata ta faɗa ruwa, na biyu kuma na ambaci uwar kifin da kalmar da ba ta dace da dattijo ba. A na ukun kifin ya riga ya gaji, ni ma haka, amma na ɗaga shi na yi jawabi. Na gai da mutanen Legas, na gai da na Makka, na gai da Baturen nan na ba shi shawara ya nemi wata sana'a.

Kwana biyu ina gyara. Na yanke tari, na yanke inda rigar ta naɗe mini ƙafa, na yanke inda na fyace hanci. Sau goma sha na kalli bidiyon nan, kuma wallahi kowane kallo fuskata nake dubawa. Ta yi kyau ƙwarai.

Sai turawa. A unguwarmu sabis kamar baƙon kunya yake, ya leƙo ya koma. Na tafi kwata, matsayar jirage a Yelwa, na tsaya kusa da mai cajin waya, na ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa a kotu. Abin ya hau, ya hau, ya kai saba'in cikin ɗari, sai wata mota ta wuce ya koma sifili. Na ce motar ce. Mai caji ya ce ba ita ba ce. Na ce shi aji nawa ya yi? Washegari na dawo na hau kan buhunan albasa na wani mutum, na tsaya har hannuna ya mutu, ya kai ɗari. Na sauko ina jin kamar na sauke farali.

Na dawo gida na miƙa wa uwargida wayar. Ta goge hannu a zane, ta zauna ta kalla. Ina jira ta yabi rigar. Sai na ga ta kawo wayar kusa da ido.

"Ashe nan ne," ta ce.

"Ina?"

"Ga giginyar gungu mai karyayyen kai. Ga tsagin dutse a bayanta, sun hau juna. Shekara arba'in ina tambaya kana cewa cikin ruwa. Yau na sani, ni da mutanen Legas rana ɗaya."

Na karɓi wayar. Ga su nan kuwa, bisa kafaɗata ta dama, tsaf kamar malamin makaranta ya zana a allo. Daga farkon bidiyon har ƙarshe ba su gusa ba, don ni da kaina na ɗaure gorar da kyau.

A ƙasa an rubuta mutum talatin da ɗaya sun kalla. Na san ba Makka ba ne. Mai caji ya riga ya tura wa duk wanda ya kawo waya.

Na lalubo kalanda ina neman inda aka ce a danna a goge. Uwargida ta riƙe mini hannu.

"In ka goge, ka gaya musu gaskiya ne ke nan. Bar shi."

"To in yi yaya?"

"Ka tafi majalisa ka yi dariya. Abin da ka iya ke nan."

Da la'asar na tafi gindin ɗorawa inda ake ɗinkin taru. Na tarar wayar wani tana yawo hannu zuwa hannu, muryata na gai da mutanen Legas. Suka yi mini caa. Wani ya ce ga darakta ya iso, a ba shi tabarma. Sai wani dattijo da ya san ubana ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ku yara ne," ya ce. "Wanga mutum ɗan ubansa ne. Ubansa ya taɓa sa mu kwana uku muna jefa ƙugiya cikin ciyawa. Kuna tsammani zai sa babbar riga ya tsaya kan gurbinsa ya ce ku zo ku gani? Can wani wuri ya kamo giwar ruwan nan, ya ɗauko ta ya kawo gaban giginya. Duk inda ya nuna muku, ku cire shi daga lissafi."

Aka ce wallahi haka ne. Aka ce tsoho ya kai makirci cikin waya. Wani har ya rantse ya ga kifin ya riga ya mutu tun kafin a fito da shi. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina murmushi irin na wanda aka gano. Kafin magariba ni kaina na fara yarda da gangan na yi.

Taubashina yana gefe yana ɗinki, bai ce komai ba. Wannan ya kamata ya dame ni, don bakinsa ba ya hutawa ko a jana'iza.

Kwana biyu na ƙi zuwa wurin. A na uku, bayan asuba, na yi arewa, na karkato. Tun daga nesa na hango jirgi guda ɗaya a kan duwatsun ubana, an kafa gora, mutum na zaune ya miƙe ƙafa yana cin goro. Kifi biyu na motsi a cikin jirgin.

"Bawana, ka makara," ya ce.

"Me kake yi nan? Ba ka ji abin da dattawa suka ce ba? Nan ba komai."

"Na ji. Su suna tsammani kana da wayo. Ni tare muka yi aji ɗaya, na san abin da ke cikin kan nan. Mutumin da ya sa babbar riga cikin jirgi ba bayansa yake dubawa ba."

Na ce zan kai shi gaban sarkin ruwa. Ya ce bismilla, mu tafi, sai in tsaya gaban jama'a in rantse cewa nan ne gurbin gaskiya. Ruwa na bugun jiragenmu.

"Zauna," ya ce, ya miƙo mini rabin goro. "Kakanmu ɗaya. Tsakin innata ma a kan duwatsun nan aka shanya shi. Kai gabas, ni yamma. Ni kuma aikina shi ne in tabbatar duk Yauri ba wanda ya yarda da kai har ka mutu."

Ya kuwa cika alkawari. A ranar ya sa aka rubuta masa a ƙarƙashin bidiyona cewa ƙarya ce, shi ɗan'uwana ne, ya san ni tun ina yawo ba wando, ban taɓa faɗin gaskiya ba. Ranar kasuwa yakan tsaya a kwata ya ba da labarin ƙaryata, da wadda na yi da wadda ban yi ba. Har ta kai in na ce wa mutane an ga wata, sai sun tambayi wani. Ni kuma dole in gan shi in ce na gode.

Ya ce kuma bidiyo ɗaya ba ya isa, za a yi zargi. Don haka yanzu duk mako sai in sa babbar riga, mu ɗauki kifin da muka kama a kan duwatsu, mu tuƙa shi zuwa wani wurin banza, shi ya riƙe waya ni in yi jawabi. Mun yi a gaban wata kuka wajen Ngaski, mun yi a bakin wata fadamar shinkafa inda ruwan bai kai gwiwa ba. Masu kallona sun haura ɗari biyu. 'Yata ta bugo waya ta ce tana alfahari da ni, wai ina koya wa duniya sana'ar gado.

Jiya na dawo da rabin abin da na saba kawowa. Uwargida ta juye kwandon, ta dubi kifin, ta dube ni.

"Malam, ina ka kamo waɗannan?"

Na ce, "Cikin ruwa."

Ta ce, "Gaishe da giginya."