Yashin Tasi'u Kafinta

"Wai me Tasi'u yake tonawa a ramin nan kullum da sassafe?"

"Kashin mage. Da na awaki. Ran da aka yi rashin sa'a har da na yaran unguwa."

"Tir! Da gemunsa?"

"Ai ramin tsallensa ne. Ya fi ƙaunarsa a kan shagon kafintarsa."

Tasi'u yana jin masu wucewa ta bayan katangar makaranta, bai ɗago ba. Ya toshe hanci da gefen riga, ya ci gaba da jan manjagara cikin yashi yana tofar da yawu.

Duk Garo an san shi da abu biyu, ƙofofi masu ƙwari da ɗingishi. Ɗingishin nan a Gwarzo ya samo shi yana saurayi, ranar gasar makarantu. Ya kwaso gudu, ya taka katako daidai, ya tashi sama kamar ba zai sauko ba. Ashe yashin ramin shafe ne kawai, ƙasa mai tauri ce a ƙarƙashi. Tun daga ranar gwiwarsa ba ta sake miƙewa sosai ba.

Shi ya sa da aka roƙe shi ya koya wa 'yan sakandare dogon tsalle, ya ce sai dai shi zai haƙa ramin. Ya haƙa da zurfi, ya yi jigilar yashi daga rafi a baro, ya tankaɗe shi da rariya har ya yi laushi kamar gari. Katakon tashi ma shi ya fere shi ya shafa masa farin fenti. Koyarwarsa ba ta da yawa. Gudu ya ƙaru yayin da kake matsowa, kada yatsa ya haura katako, ƙafafu biyu gaba in za ka sauka.

"Kuma kada ka dafa baya, Badamasi!" Haka yake daka wa babban ɗalibinsa tsawa. "Daga inda hannunka ya taɓa za a auna, ba daga inda ranka yake so ba!"

Badamasi ɗan ajin ƙarshe ne, ranar Alhamis mai zuwa zai je gasa Gwarzo. Sai ga shi yashin ya fara raguwa. Jiya yaron ya sauka ya ce dugadugansa sun ji ƙasa. Tasi'u ya hana kowa tsalle. Ya zargi magina, ya zargi mai gadi, har ya leƙa wani sabon gini yana murza yashinsu a tafin hannu.

Yau yana gama kwashe ƙazantar bai wuce shago ba, ya koma gindin darbejiya ya zauna dakon mai ɗibar yashin, ya ciro ƙullin soyayyar gyaɗa daga aljihu. Ta Inna Indo ce, tsohuwar da ke sayarwa a bakin makaranta. Ba ya cin ta kowa sai tata. Ya watsa a baki ke nan sai ga Innar ta ɓullo da daro a ka, ta nufi ramin kai tsaye, ta durƙusa ta hau ɗiba.

"Inna! Ina kwana? Me kike yi haka?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Yashin suya nake ɗiba. Wallahi ban taɓa samun mai kyau irin wannan ba. Ba tsakuwa, ba ya ƙona gyaɗa. Har su Naja'atu masu suyar gyaɗa na nuna wa wurin."

Tasi'u ya daina tauna. Ya dubi kusurwar da take ɗiba, daidai inda ya gama kwasa ɗazu, wurin ma da sauran danshi. Ya dubi ƙullin da ke hannunsa.

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun bayan sallah. Ai kai ma ka ce ta ƙara daɗi."

Ya ce. Da bakinsa ya ce, har ya kai wa iyalinsa tsaraba. Ya ruga bayan bishiya da ɗingishinsa ya amayar da duk abin da ya ci. Ya kuskure baki da ruwan butar mai gadi, ya sake kuskurewa, amma ƙamshin gyaɗar yana nan a maƙogwaro.

Ya dawo idanu jawur, ya gaya mata abin da yake kwashewa a wurin kowace safiya, bai rage komai ba.

Inna Indo ta taɓe baki. "To ai wuta na kashe komai."

Tasi'u ya runtse ido. Faɗa da sa'ar mahaifiyarsa ba nasa ba ne, ga Alhamis ta matso, yaron kuma ba zai sauka a kan ƙasa mai tauri ba. Ya durƙusa a gabanta, ya riƙe bakin daron.

"Inna, don Allah juye min wannan a inda kika ɗebo. Ki gaya wa su Naja'atu su dawo da nasu. Yau ɗin nan zan tura baro rafi in kawo muku sabo, in tankaɗe da hannuna. Wannan ki bar wa yaran su faɗa a kai."