Irin Raken Baba, Shekara Bakwai Bayan Rasuwarsa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Umaru mai mazarƙwaila, kuma har yau ban gama tuhumar kaina a kan irin rakensa ba.

A fadamarmu ta kusa da Gummi ba a sayar wa maƙwabci irin rake. In an yi sara, wanda gonarsa ta yi kyau shi ke ɗaure kawunan rake dami-dami ya aika wa masu dashe. Na Baba aka fi so, farin rake mai ruwa da ya gada.

Shekarar da na dawo daga karatun aikin gona, na ga wani baƙin abu kamar bulala ya fito a kan wasu raken gonarmu. Na san shi a littafi, cuta ce mai bin iri. Na kuma san akwai irin da ke jure mata. Na nuna wa Baba.

"Mi kag gani, malamin gona?" ya ce yana dariya.

Na ce mai yiwuwa cuta ce, amma sai an bincika.

"To, in ka tabbata ka hwaɗa mini. Mutane na jiran iri."

Ina jin na tabbata tun a lokacin. Tsoron yin kuskure a gaban dattawa ne ya kama ni. Da kaina na ɗora damman a babur, na kai wasu har Bukkuyum.

Da shekara ta zagayo, duk gonar da ta karɓa rakenta ya tsumure, siriri kamar ciyawa, aka matse babu ruwan dafawa. Ba wanda ya zagi Baba, an dai daina zuwa neman iri. Ya bi gida-gida yana ba da haƙuri, bai taɓa ambaton sunana ba. Bai ga sara na gaba ba. Likita ya ce hawan jini ne, ni kuwa ba zan musa ba.

Yau iri mai jure cutar ne a fadamar, aƙalla inda rashin tsaro ya bari a shiga. Ban san me Baba zai ce ba. Wataƙila ya tauna ya ce zaƙinsa bai kai na da ba, amma ina kyautata zaton zai dasa shi.

Dukiya bai bari ba, sai sunan gidan da ake karɓar iri, shi ma ni na ɓata. Bana na ɗaure damman sabon iri, bayan na bi kunyoyin gonar ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Mahaifiyata, Inna, ta tsaya a kaina ta ce, "Kak ka ce naka na. Ce musu daga gidan Malam yah hito."

Na bi gida-gida na kai. Babu ƙofar da aka ƙi karɓar irin. Allah ya jiƙan Baba.